Tuwon da Na Tuƙa wa Masu Murmushi

Ni ba mai yawo ba ce. A Numan in ka cire coci da kasuwa da gidan makoki, ba ka ganina a waje, ko Yola ma sai da dalili mai ƙarfi. Amma Saratu, 'yata ta fari, ta haihu a Amurka ba ta da kowa kusa, shi ne aka wayi gari ga ni a Greensboro da zannuwana da ƙullin kuka da daddawa, wai na zo wankan jego.

Gidan nasu a East Greensboro yake, unguwar baƙaƙen ƙasar. Ɗan gida ne na katako, in ka taka ƙasa sai ya amsa maka. Saratu aikin jinya take yi a gidan tsofaffi, mijinta Istifanus kuwa direban babbar mota ne, sai a kwana biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Jegon ma ba a yi shi yadda ya kamata ba. Jikinta bai gama komawa ba ta ɗauki jaka ta koma aiki, ta ce, "Mama, nan ba wanda zai jira ni." Aka bar ni da jariri da talabijin da wani irin shiru da ban taɓa ji ba. Ba daka, ba kukan akuya, ba mai sallama. In na leƙa taga, motoci ne kawai ke wucewa da gilasai a rufe. Ga sanyi mai shiga haƙori, in sa zani biyu da safar Istifanus in zauna kusa da bututun da ke huro ɗumi. Ni da bakina ba ya hutawa a gida, sai in wuni ban yi magana da babba ba. Har firij na fara yi wa hira.

Jaririn sunan marigayi mijina ya ci, Yohanna, don haka Maigida nake ce masa. Mijina mai bishara ne a cocin Lutheran har ya rasu, kuma a gidanmu ba a taɓa yin yaron da ya fito da haƙori ba a yi masa baftisma ba. Bizata ta 'yan watanni ce. Abin da na sa a raina ke nan tun ranar da na fara goya shi: ba zan hau jirgi in bar Maigida ba baftisma ba.

Istifanus ya fara kai ni cocinsu. Shago ne kusa da masu gyaran taya, faston ɗan Najeriya ne, lasifikokinsa sun kusa fin mutanensa yawa. Da na yi masa maganar, ya dube ni kamar na ce a yanka wa dodo kaza. Ya ce su ba sa taɓa jarirai, sai yaro ya girma ya tuba da bakinsa. Na ce masa to, Allah ya ƙara sauti. A mota Istifanus ya ce, "Mama, in kin samu irin cocinku ku yi, ni ba zan hana ba. Amma a garin nan ban san inda za ki same shi ba."

Kafin in samu coci sai da na samu maƙwabciya. Wata rana ina shanya kayan Maigida a bayan gida, na ji ana zagin wani da Hausa ta bayan shinge, a waya. Zagi ne mai kyau, har da kakanni. Ban san lokacin da na yi sallama ba. Hajiya Memuna ke nan, mutuniyar zangon Kumasi a Gana, kitso take yi a gida, tana kuma dafa wa mutane abincin suna da biki. Ta leƙo ta ce, "Ei, Anti, tun yaushe kike nan kina kwashe mini sirri?" Daga ranar firij ya huta. Takan ce mini, "Ke dai mutuniyar kirki ce paa, sallah kawai ta rage miki." Ni kuma in ce mata ita ma baftisma kawai ta rage mata, ga ruwa nan a famfo.

Saratu ce ta lalubo cocin a waya. Ran Lahadi ta ɗauke ni muka yi ta tafiya, gidaje na ƙara girma, bishiyoyi na ƙara tsawo, muka ratsa Irving Park inda ciyawar ƙofar gida ta fi kan wani samun aski, muka wuce can gaba. Ginin dutse ne mai tagogi kala-kala, an kafa allo a bakin hanya. Saratu ta karanta mini: wai ana maraba da kowa da kowa.

Da makaɗin cocin ya taɓa ogan, sai na kasa kunne. Waƙarmu ce. Muryar nan dai da muke rerawa a Numan, wadda mijina ke ja da ƙarfi har ya wuce kowa ya jira su a gaba. Na buɗe baki na bi su da Hausa, hawaye na zuba. Na ce a raina na iso gida.

Da na share ido na duba, sai na ga irin gidan da na iso. Fari fat daga bagade har ƙofa, kawunan ma yawanci furfura. Suka waiwayo suka yi mana murmushi. Murmushin nan sai da na zauna na karance shi. Leɓe ne kawai ke miƙewa, haƙori ba ya fita, ido ba ya ciki, kuma kafin wuya ya gama juyawa ya mutu, kamar an kashe fitila. Ban yi nisa a makaranta ba, amma Allah ya ba ni kunne. Turancin da na tsinta a talabijin da asibiti ya ishe ni in gane abin da ake faɗa. Wanda ba a faɗa ba kuwa, tun a gida na iya jinsa.

Wadda ta fara tarbarmu Misis Linda ce, doguwa mai gajeren gashi, shugabar wani kwamiti da suka kafa don a samu baƙaƙe da sauran kaloli a cocin. Kwamitin ma duk farare ne. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta shafa ɗankwalina ba ta tambaya ba, ta ce wa Saratu ta tambaye ni ko akwai coci a ƙauyenmu. Na ce, "Gaya mata a cocinmu in ba ka zo da wuri ba a gindin mangwaro za ka yi sujada." Saratu ta fassara rabi, rabin mai laushi.

Na gaya mata sunana Rifkatu. Sunan na cikin Littafin da suke karantawa, Saratu ma ta faɗa mata yadda suke kiransa da Turanci. Har na bar cocin nan ba ta riƙe shi ba. "Ƙawarmu daga Afirka," haka take nuna ni ga mutane, kamar mai nuna sabuwar tukunyar fulawa.

Muka ci gaba da zuwa, Saratu na ta roƙon abokan aiki su canja da ita. Bencin da muka zauna ya zama namu mu kaɗai, har da rabin na gabansa, kamar muna da ƙyanda. Lokacin gaisuwar salama sai su miƙo kan yatsu. Wajen jibin Ubangiji akwai babban ƙoƙo da kowa ke sha, akwai kuma ƙananan kofuna a tire ga mai so. Na lura in ina bayan layi kowa babban ƙoƙon yake sha. In ina gaba, duk wanda ke bayana sai ƙishin ƙaramin kofi ya kama shi. Na canja wuri na gwada, na sake canjawa na sake gwadawa. Ban gaya wa Saratu ba, gajiyarta ta ishe ta. A ɗakin shan kofi bayan sujada kuwa na ji wata tana ce wa wata ƙasa-ƙasa, "Ba za su fi sakewa a wajen mutanensu ba?" Tana faɗa tana miƙo mini biskit.

Faston yaro ne mai kirki, irin kirkin da ke tsoron kowa. Ya yarda da baftismar nan take. Sai Misis Linda ta shigo da shawara: a jira wata Lahadi da suke keɓewa don tunawa da ƙasashen duniya, a rataya tutoci, ni in sa kayan gargajiya in shigo da jaririn a goye, in da hali a samo ganga. Kayan da nake sawa kullum su ne kayan gargajiyar. Na haɗiye. Na ce a raina ruwa dai ruwa ne, sunan da za a kira a kansa kuma ba nasu ba ne.

Ana nan sai aka yi wa wata jaririyarsu baftisma, na zuba ido da kunne. Faston ya juya ya tambayi jama'a ko sun yi alkawari za su tsaya wa yarinyar nan, su yi mata addu'a, su taya iyayenta renonta. Duk suka amsa da murya ɗaya. Mu ma haka muke yi, kuma a wurinmu ba waƙa ba ce. Matar da ta amsa alkawarin nan ita ce za ta zo da kunu ranar da yaro ya yi zazzaɓi, ita ce za ta ja masa kunne in ta gan shi a bakin kogi. Shi ya sa a wajenmu kafin ranar akan yi addu'ar godiya a gidan mai jego. A yi sanarwa a coci, kowa ya zo ya ga ƙofar gidan yaron, ya ɗauke shi, ya ci tuwo.

Na ce wa Saratu haka za mu yi.

"Mama, nan ba Numan ba ne."

"Na gani. Amma mutum zai yi alkawari a kan yaron da bai san ƙofar gidansu ba?"

"Za su ce miki to, ba za su zo ba."

"A cikin coci? Su ce to a gaban bagade?"

Ta ci gaba da gugar kayan aikinta.

Faston ya yi sanarwar da kansa, da murnarsa, ya ce Asabar mai zuwa da rana. Da ya faɗi sunan titinmu na ji wani ɗan abu ya ratsa cocin, kamar kowa ya riƙe numfashi ya sake. Ban bar shi a nan ba. Na tsaya a bakin ƙofa da Maigida a baya, duk wanda ya fito in tare shi da guntun Turancina in tambaye shi ko zai zo. Kada wani ya ce kunnena ne ya yi kuskure. Na ji su sarai. Wannan ta ce abin ya yi kyau ƙwarai, waccan ta ce ta ƙosa ranar ta zo, wani ya ce shi da ma yana son abincin Afirka. Misis Linda ta dafa ƙirji ta ce ba abin da zai hana ta. Wani tsoho ne kawai mai na'urar ji a kunne, wanda kullum ke zama a bencin ƙarshe bai taɓa yi mini murmushi ba, ya sa na maimaita, ya ce, "Asabar," ya wuce. Na ce a raina wannan kam ba sai na sa masa rai ba.

A gida in an yi sanarwa a coci ba ka tambayar mutum nawa za su zo, sai dai ka aro tukwane. Hajiya Memuna ta fito da manyan tukwanenta na suna, ta kafa sharaɗi: "In dai hannuna zai shiga, naman yankan Musulmi ne. Ba zan dafa abin da ba zan ɗanɗana ba kraa." Wani ɗan ƙasarmu da ya rantse mana da ɗan akuya ya kawo mana tsohuwar tunkiya ya kashe waya, muka yi ta dafa ta kamar masu dafa takalmi. Na ƙarar da kukar da na zo da ita da daddawar duka. Na tuƙa tuwon shinkafa da na masara har kafaɗata ta daina ɗagawa, muka soya masa, na dama kunun gyaɗa, Hajiya ta yi shinkafa da wakenta irin na Gana da baƙin yajinta. Istifanus ya fasa tafiya guda, ya aro kujeru da rumfa daga cocinsu na shago ya jera a gaban gida. Na yi wa Maigida wanka, na shafa masa hoda, na ɗaura ankona na zumuntar mata.

Muka zauna.

Rana ta yi tsaka, ta karkata. Duk motar da ta shigo titin sai in miƙe in gyara ɗauri, ta wuce. Wayar Saratu ta fara ƙara, saƙo na bin saƙo. Wannan jikanta na da wasan ƙwallo. Waccan karenta ba shi da lafiya. Wani ya tambaya ko akwai inda mutum zai ajiye mota hankalinsa kwance a unguwar, da aka ce masa akwai bai sake magana ba. Na ce to faston fa, da Misis Linda? Saratu ta karanta, ta yi wata dariya marar daɗi. Wai sun tafi wani gari taron bita, sun manta ranar ta haɗu.

"Bitar me?"

"Yadda za a jawo baƙaƙe su shigo coci."

Hajiya Memuna ta ajiye ludayi ta ce a maimaita mata. Aka maimaita. Ta zauna a kan kula ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Saratu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta ce ai ta gaya mini ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na dubi kujerun nan a jere, na dubi yaron da na shafa wa hoda don mutanen da karensu ya fi shi. A duk zamana a ƙasar nan, da sanyin da kaɗaicin da komai, ba ranar da na so gida kamar ranar.

Sai ga mutum yana tahowa a ƙafa daga wajen da bas ke tsayawa, a hankali, da kwat da laktaye, yana duba lambobin gidaje. Tsohon bencin ƙarshe ne. Ya tsaya a bakin rumfa, ya miƙo mini kwalbar wani kokwamba mai tsami, ya ce sunansa Walter, an hana shi tuƙi saboda ido, sai da ya canja bas a hanya. Ya dubi kujerun ya ce, "Na makara ne, ko na yi sauri?" Istifanus ya ce masa ya zo daidai. Da tsohon ya ga yadda muke ci ya ƙi cokali, ya wanke hannu, ya yanko tuwo kamar mai yanka sabulu. Yajin Hajiya ya sa shi tari har na'urar kunnensa ta yi fito. Ya share ido ya miƙo kwano a ƙara. Da na ɗora masa Maigida a cinya ya riƙe shi da kyau, ya ce rabonsa da ɗaukar jariri tun matarsa na da rai.

Hajiya ta miƙe ta ɗaura mayafi a ƙugu. "Anti, ni ban tsaya kan wuta don kwandon shara ba. Kiristocinki ba su zo ba, unguwa na nan." Ta bi gida-gida tana buga ƙofa. Kafin rana ta yi sanyi rumfa ta cika: ɗaliban jami'a da ke haya a kusurwa, mai gyaran mota da 'ya'yansa, matan zango da suka zo da robobi a jaka.

Cikin waɗanda suka zo har da tsohuwar da gidanta ke kallon namu, baƙar Ba'amurkiya mai sanda. Kullum tana zaune a barandarta, in na ɗaga mata hannu daga nesa ta ɗaga mini yatsa ɗaya, na riga na yanke cewa girman kai gare ta. Mis Odessa sunanta. Ta ci masa, ta tambayi Saratu, wadda ta fito da jajayen idanu, bikin me ake yi. Aka gaya mata. Ta ce wane coci? Da ta ji, ta ajiye masar ta yi dariya ta hanci.

"Yarinya, gaya wa uwarki ni Lutheran ce tun daga kakata. Cocinmu na bayan titin nan, da sandata nake zuwa."

Na ce ba sai an fassara ba, na ji. Na ce, "Na baƙaƙe?"

"Baƙaƙe ƙirin. Tun zamanin da ba a barinmu mu shiga nasu aka gina mana namu a nan, don mu yi wa Allah ɗaya sujada ba tare da mun ɓata musu benci ba. Ina budurwa na yi aiki a wani gida can wajensu. Ni ke yi wa yaransu wanka, in sa musu kayan coci, in raka su har ƙofa, in dawo in ɗora abincin rana. Yanzu an cire dokar, sun kafa allo."

Walter ya matso da kunnensa mai ji. Ya ce shi a garin nan aka haife shi, bai taɓa sanin akwai cocin ba.

"Kun sani," in ji ta. "In littattafan waƙarku sun tsufa mu kuke aiko wa."

Ya sunkuyar da kai yana kallon Maigida.

Na ce mata, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kin tambaya? Kullum Lahadi ina ganinku kun ci ado kun shiga mota kun nufi wajen farare. Ku mutanen Afirka haka kuke, in kun sauka sai ku tsallake mu. Titin nan ba kogi ba ne, ba ki taɓa ƙetaro shi ba."

Maganar ta shige ni, don ba ƙarya a ciki.

Washegari na goya Maigida muka bi Mis Odessa a ƙafa, ni da Saratu. Ɗan coci ne na jan bulo, bai kai ɗakin shan kofin wancan ba. Tsofaffi ne a ciki, ko rabin bencin ba su cika ba. Su ma sun waiwayo sun kalle mu, kallo sosai, ba murmushi. Sai wata mai babbar hula ta ce da ƙarfi, "Odessa, su wa kika kwaso mana?" Kafin a ba ta amsa ta zagayo bayana tana miƙo hannu. Na kwance goyon na ba ta, ban sake ganin yaron a hannuna ba sai da aka tashi. Aka ta da waƙa, sai ga muryar nan dai tamu, an dai ja ta an sa mata tafi.

Kwanon baftismarsu na gefen bagade, an cika shi da furannin roba. Mis Odessa ta ce an daɗe ba a zuba masa ruwa ba, jikokinsu duk sun watse. Fastonsu mace ce, tana riƙe da wani cocin ma bayan wannan. Ta tambayi sunan yaron da labarin wanda ya ci sunansa, ta tambayi nawa sunan, ta yi ta maimaitawa har ya zauna mata a baki.

Saratu ta kira Misis Linda ta gaya mata mun fasa. Na ce ta buɗe wayar in ji. Matar ta yi ta ba da haƙuri, muryarta har rawa take, ta ce taron nasu ya yi albarka sosai, sun koyo abubuwa da yawa. Can ta ce, "Amma mun riga mun sayo tutar Najeriya." Na ce wa Saratu, "Gaya mata su yi wa tutar baftisma." Wannan ma ba ta fassara ba.

Ban ce mugaye ba ne. Mugu na san yadda zan yi da shi. Waɗannan mutane ne da ke son baƙi a allo, a tuta, a taron bita, ko'ina ban da kan benci ɗaya da su. Ga ƙaton gini can ya cika da furfura, yara ba sa zuwa. Ga ƙaramin gini nan da tasa furfurar, yara ba sa zuwa. Waƙa ɗaya, shaidar bangaskiya ɗaya, gari ɗaya, kowanne na mutuwa a ɗakinsa. Mu kuma da muka zo daga nesa da 'ya'ya fal muna can shago kusa da masu taya muna ihu a lasifika. Turawan da suka biyo kogi suka zo ƙasarmu sun koya wa iyayenmu cewa masu bi jiki ɗaya ne. Ashe a wurinmu suka baro darasin, ba su koma gida da shi ba.

Ranar baftisma tafiyata ta riga ta matso, akwatina a buɗe a ɗaki. An kwashe furannin roban, Mis Odessa da kanta ta wanke kwanon. Ita ce ta tsaya uwar baftisma, sanda a hannu ɗaya, kuma tun a bakin ƙofa ta gaya wa Saratu cewa bayan na tafi, duk Lahadin da ba ta ga yaron ba da sandar nan za ta buga musu ƙofa. Istifanus ya zo da kwat, ya yi ta kallon rufi don kada a ga idonsa. Hajiya Memuna ta tsaya a waje wajen mota da kuloli, ta ce, "Ni ba zan shiga ba, amma shinkafata za ta shiga."

Da ruwan ya taɓa kan Maigida ya tsala kuka, tsofaffin nan suka amsa da amin kamar an yi musu albishir. Faston ta juya ta tambayi jama'a alkawarin. Muryoyin ba su da yawa, wasu na rawa, amma ba wadda ta amsa da ba ta riga ta san nauyinsa a hannunta ba. Cikinsu na ji muryar namiji daga baya, ta makara kaɗan, ta fi ta kowa ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. Walter ne. Ban san wa ya gaya masa ranar ba.

Bayan an tashi ana cin abinci a ɗan ɗakin baya, ya zo ya tsaya gaban Mis Odessa da hularsa a hannu. Ya ce tun da ya yi alkawari a kan yaron, yana so ya riƙa ganinsa. Ko zai iya dawowa Lahadi mai zuwa?

Ta dube shi daga takalmi har laktaye, ba ta yi sauri ba.

"Ƙofar nan ba a taɓa kulle ta daga ɓangarenmu ba," in ji ta. "Amma ka sani, mu nan ba mu da baƙo. In ka ci, za ka wanke kwano."

Ya ce ta maimaita. Ta maimaita masa a kunnensa mai ji. Ya ajiye hular a kan kujera, ya cire kwat, ya fara naɗe hannun riga.